Baba, Riƙe Wannan

Elisha ya sake buga ƙeya da katakon tebur, ya ja tsaki, ya ci gaba da lalube da hannun hagu a tsakanin wayoyi. Ya taɓo murfin alƙalami, ya taɓo ɓawon gyaɗa, ya taɓo takalmin roba ƙafa ɗaya da ba a san mai shi ba. Abin da yake nema dai babu shi. Ya rarrafo da baya ya fito, ya miƙe da ƙyar, ya tsaya yana harar wurin da ya ajiye shi jiya da yamma.

Abin bai fi tafin hannu girma ba, launin toka ne, da jan ƙwallo a gefe kamar ƙaramar albasa. Da shi ake tuƙa 'yar kibiyar nan da ke yawo a fuskar kwamfuta, wadda kowa a asibitin mishan ɗin ke ce wa odinata. Wancan na da, wanda ake kira ɓera saboda doguwar wutsiyarsa ta waya, sai an ja shi a kan tebur, hannu da kafaɗa duk suna aiki. Wannan kuwa wuri ɗaya yake zama, babban yatsa kaɗai ke murza ƙwallon. Kuma ba shi da waya ko kaɗan, batir ake sa masa ya yi magana da odinata ta iska.

Tun da 'yar babur ɗin nan mobilet ta kayar da Elisha a hanyar Madawa bara, kafaɗarsa ta dama ta ƙi sakewa. Yatsun dai suna bugun haruffa kamar da, don ya fi shekara ashirin yana dukan tafireta a ofishin nan kafin odinata ta zo, amma jan ɓera ya zame masa azaba. Aikin rabin yini ya koma na kwana biyu. Mushe Yohanna, wato Malam Yohanna a bakin masu Faransanci, sabon shugaban ofis, yaron da Elisha ya sha ɗauka a kafaɗar nan zuwa majami'a, ya kira shi cikin ladabi ya ce akwai gurbi a ɗakin ajiyar zannuwan gado, aiki ne marar wahala. Elisha ya gane kora ce aka sa mata riga mai kyau. Ya roƙi a ɗaga masa ƙafa, ya sa wata nas da ta je hutu Turai ta zo masa da abin da ya gani a wata mujalla. Da abin ya iso, shi da Mushe Yohanna suka yi magana ta maza: idan Elisha ya haɗa odar magunguna da kansa, ya zuba ta a disket, ɗan faifan odinata, kafin motar Yamai ta tashi yau, kujerarsa tana nan. Idan motar ta tafi ba ita, ranar Litinin ya koma wajen zannuwa. Rabo direba kuwa kowa ya san halinsa, yana sallame azahar yake tayar da mota, ko uwarsa ce ba ta gama shiri ba.

Abin da ya fi ci wa Elisha rai shi ne bakinsa da ya saki. Ranar da ƙwallon ya zo, ya naɗe wa tsohon ɓeran wutsiya, ya kai shi ofishin Mushe Yohanna, ya dire a kan tebur a gaban mutane, ya ce shi da wannan halitta sun rabu har abada. Kuma a ranar ya kori Deborah daga ofis.

Deborah ita ce mai kula da ɗakin magani, tare suka tashi a unguwar mishan. Ita ta kafa dokar ɗaure kaya a asibitin, da tsofaffin bandeji da aka wanke. Alƙalamin wurin yankar kati a ɗaure yake, haka almakashin ɗakin haihuwa, haka moɗar randa. Ba don ɓarayi ba. Mutanen asibitin ba sa sata, aro suke yi, kuma abin da aka ara sai ya zaga sassa huɗu, kowa na rantsuwa ya ba na gaba. Ta shigo da bandejinta a hannu za ta ɗaure sabon abu, Elisha ya ce mata Turawa sun ɓata shekaru suna tunanin yadda za su cire wa abin nan igiya, ita kuma daga nan Sabon Gida za ta mayar masa da ita.

Yanzu wurinta ya fara zuwa, don ba shi da zaɓi. Ta saurare shi har ya gama, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dai jawo alƙalaminta da igiyarsa a hankali, ta rubuta wani abu, ta sake shi ya yi lilo a gefen kanta. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Sannan ta ce ya nemi Lahadi mai shara, ita ke buɗe ofis da safe.

Lahadi ba ta sashen mata, an ce ta tafi wanki. A wurin wanki aka ce an aike ta kicin. A kicin aka ce yanzu ta fita, wai an tura ta cikin gari kiran dangin wani marar lafiya. A kowane wuri sai ya tsaya an tambaye shi kwana da gajiya da iyali da zafi da kafaɗa, ya amsa duka haƙora a cije, kafin ya sami damar faɗin abin da ya kawo shi. In ya kwatanta abin kuma, sai a ce ai an gan shi, ba shi ne wanda ya ce ba ya bukatar igiya ba? Ashe maganar ta zaga asibitin fiye da yadda ya zata. Takawa mai gadi ya rantse babu abin da ya fita ta ƙofarsa sai wata mata da tukunya da wani mutum da akuya, ya kuma ba shi shawara ya duba aljihunsa. Elisha ya duba aljihun a gabansa, don kawai ya huta da shi.

Rana ta take sosai lokacin da ya dawo ofis, rigarsa ta manne a baya. Ya kunna odinata ba don yana da dabara ba, sai don ya ga aikinsa da ido. Ya kusa gamawa jiya, saura sashen allurai da zaren ɗinki. Yana zama ya ga kibiyar ta motsa.

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Kibiyar tana zagaya fuskar odinata a hankali, ba mai taɓa komai, ta je kusurwa ta dawo, ta sake zagayawa. Deborah da ta biyo shi da ruwan sanyi ta ja baya har ta taka ƙafar Maiguwa, mai taimakon nas, wanda ya leƙo ya ga abin da ake kallo. Kafin a ce me, ƙofar ta cika. Wata ta ce a kira fasto. Maiguwa ya ce shi tun farko bai yarda da abin da ke aiki ba waya ba, ko rediyo ai tana da eriya.

Elisha ya ce babu iska babu aljani, wani ne a kusa yake riƙe da abinsa yana murzawa, don ba ya aiki daga nesa. Ya bi hannuwan da ke ƙofa da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga ofishin da ke maƙwabtaka, ya sa masu yankar kati suka ɗaga hannuwa sama kamar 'yan makaranta, ya buɗe musu aljihun tebur, ya ɓata da mutum biyu da suka shekara goma suna gaisawa. Da ya dawo ya tarar kibiyar ta rufe masa odar magunguna, ta buɗe wasan karta da ke cikin odinata, katuna ja da baƙi sun jeru fal.

Daidai nan Mushe Yohanna ya ratso mutane ya shigo. Ya dubi kartar, ya dubi Elisha, ya dubi agogonsa.

"Kawu, Rabo ba shi jira," ya ce, ya juya ya fita.

Da faɗa ya yi, da Elisha ya sami abin mayarwa. Ya kori kowa, ya rufe ƙofa, ya zauna ya dafe kai. Ya san tsohon ɓeran yana nan a aljihun teburin Mushe Yohanna, taku kaɗan daga inda yake. Ya kuma san ko zai mutu ba zai je ya roƙe shi ba.

Da ɗakin ya yi shiru ne ya ji wani gunaguni ƙasa-ƙasa ta bayan taga. Tagar mai yankakkun gilasai ce, na ƙasan ya fashe tun bara ba a sake shi ba. A waje, a gindinta, akwai bencin siminti da ke fuskantar ƙofar ɗakin tiyata. Elisha ya sa fuska a gurbin gilashin ya leƙa ƙasa. Wani tsoho ne zaune shi kaɗai, da rawani da ya sha rana, sandarsa a jingine da gwiwa. Hannuwansa biyu suna kan cinya sun rungume abin, babban yatsa na murza jan ƙwallon, leɓunansa na motsi.

Elisha ya zagaya da sauri har yana tuntuɓe. Da ya iso kuma dole ya tsaya ya yi sallama, ya tambayi hanya da gida da zafi, don tsoho ne. Sunansa Barmo, daga wani ƙauye a ƙasar Garhanga. 'Yarsa Shamsiyya ce aka shiga da ita tun da safe, ta kwana biyu tana naƙuda a gida, mijinta kuma yana Abijan neman kuɗi. Elisha ya yi masa fatan sauƙi, sannan ya miƙa hannu ya ce abin nan na ofis ne.

Barmo ya janye hannuwansa zuwa ciki.

"An ce in riƙe," ya ce.

"Wa yac ce?"

"Wata ɗiya mai hwarar riga. Ana shiga da Shamsiyya tam miƙo mini shi ta nan, tac ce, Baba, riƙe wanga."

Kamar an kira ta, sai ga Lahadi ta ɓullo da tsintsiya a hammata. Tana ganin abin a hannun tsoho ta dafe ƙirji. Ta ce wallahi goge tebur take yi, hannu ɗaya tsumma ɗaya bokiti, ta ji tsoron kada ruwa ya taɓa sabon abin Malam Elisha, sai ta miƙa wa tsohon ta taga ya riƙe mata na ɗan lokaci. Nan aka ƙwala mata kira daga sashen mata, shi ke nan ya fita a ranta. Ta durƙusa ta ce wa Barmo ya yi haƙuri, ita ta ba shi, ita kuma take roƙo ya mayar.

Barmo ya girgiza kai. Ya yi bayani a natse, irin bayanin da ake yi wa yara. A gidansu tun kakanni, in haihuwa ta yi gardama, mai magani yakan sa wa mijin ko uban wani abu a hannu, ƙwai ko dutse daga gindin tsamiyar gida, kuma ba a ajiye shi, ba a ba wani, sai an ji kukan jariri. Shi yanzu musulmi ne, ya bar yanka a gindin tsamiya tun yana saurayi, kuma da zai taho bai ɗauko komai ba don kada a ce ya koma gidan jiya. Amma ga shi ya zo asibitin Nasara, ana rufe ƙofa a kan 'yarsa aka sa masa abu a hannu. Ashe su ma sun sani.

Elisha ya ce abin nan ba shi da alaƙa da tiyata, na rubutu ne, na odar magani. Barmo ya gyaɗa kai ya ce to, magani, ai shi ma abin da ya ce ke nan. Elisha ya aiki Lahadi kicin ta kawo ƙwai, Barmo ya ce ba a canzawa a tsakiyar aiki. Elisha ya ce to a ba shi aro na ɗan lokaci ya dawo da shi, Barmo ya tambaye shi ko shi yana da ɗiya. Takawa mai gadi, wanda ya baro ƙofarsa don kallo, ya matso ya raɗa wa Elisha cewa in an ba shi izini, yatsa ɗaya zai murɗe ya karɓo. Elisha ya ji zuciyarsa ta ce to. Ya dubi inuwa, ta kusa shigewa gindin bango. Ya dubi hannuwan tsohon da suka rungume abin. Ya ce wa Takawa ya koma bakin ƙofarsa kafin wata akuyar ta fita.

Ya koma ofis yana huci, ya zauna, kibiyar na ta zagayenta a gabansa. Ya daɗe yana kallon ta. Can ya jawo teburin da hannun hagu har ya dangana da taga, ya sunkuya wajen gurbin gilashin.

"Baba, ba ni karɓa. Riƙe abinka. Amma inda nac ce ka murza, nan za ka murza."

Barmo ya gyara zama, fuskarsa ta saki. Dama jira yake a gaya masa yadda ake yi.

Farkon abin ya kusa sa Elisha kuka. In ya ce dama, tsohon ya tambaya damar wa, tasa ko ta likita, wato Elisha, don shi ya juya wa taga baya. In ya ce sama, sai ya ɗaga abin gaba ɗaya sama. Yatsan kuma na mai riƙon hauya ne, murza ɗaya kibiyar ta tsallake fuskar odinata ta ɓace a kusurwa. Sai da Elisha ya bar hagu da dama ya koma yadda ake kwatance a gona, gabas da yamma, arewa da gusum wato kudu, sannan suka fara jin juna.

"Arewa kaɗan. Kaɗan nac ce, Baba, ba guga kake ja ba. Koma gusum. Tsaya. Yanzu gabas, wajen Buza. Ka wuce Buza. To, danna na ƙarƙashin yatsanka, sau guda."

Kartar ta rufe. Odar magunguna ta buɗe. Elisha ya ɗora yatsu a kan haruffa ya shiga bugu, in ya cika gurbi ya yi kira ta taga, kibiyar ta rarrafa zuwa na gaba. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna kallon tsoho a benci yana amsa wa bango da to, to. Tsakanin kira da kira Barmo yana magana shi kaɗai. Ya ce Shamsiyya ce autarsa, uwarta ta rasu tana goye, ita ke kai masa fura gona har ranar da aka kai ta ɗaki. Ya ce a amalanken jaki suka fito da ita har bakin hanya, ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya, sai haƙuri take ba shi. Elisha na can yana neman sunan wata allura. Can tsohon ya ɗago kai wajen taga ya tambaya ko aikin yana tafiya daidai a ciki, ko shi ne yake ɓatawa. Elisha ya buɗe baki zai sake bayanin da ya riga ya yi har ya gaji, sai ya fasa.

"Daidai kake yi. Yamma kaɗan."

Ya buga layi na ƙarshe, zaren ɗinki, aka adana aikin a cikin odinata, daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya daga masallacin bakin kasuwa. Ta ƙofa Elisha ya hango Rabo ya tsuguna gefen mota da butarsa. Saura abu ɗaya, a kwafe odar a disket. Ya tura disket ɗin a raminsa, ya ce arewa. Kibiyar ba ta motsa ba. Ya sake cewa arewa, da ƙarfi. Ya leƙa, benci ba kowa sai sanda.

Ashe an buɗe ƙofar tiyata, wata nas mai suna Ruth ta fito tana tambayar wanda ya kawo Shamsiyya, tsohon kuma ya tafi da abin a hannu, ya yi nisan da odinata ba ta jin sa. Elisha ya bi shi, a ransa yana tsine wa Lahadi da Turawa da mujallar da ya gani. Ya iske Ruth tana cewa uwar tana da rai, ana ɗinke ta. An ciro ɗa namiji, amma bai yi kuka ba tukuna, likita na kansa. Ta koma ciki ta ja ƙofa.

Barmo ya sulale ya tsuguna a bakin ƙofar. Ya daina murzawa, ya dunƙule abin da hannu biyu a ƙirjinsa. Elisha ya ce masa ya taso su koma benci, danna biyu kawai suka rage. Tsohon bai ji ba. Elisha ya sake faɗa, ya miƙa hannu har yatsunsa suka taɓa robar. Barmo ya ɗago ya dube shi, bai kuma ƙara matse abin ba. Da Elisha ya ja, da ya taho.

Elisha ya janye hannunsa. Haushi ya cika shi, haushin tsohon da na kansa, amma ya juya ya nufi ofishin Mushe Yohanna.

Kamar da gangan, mutanen da ke wurin ranar da ya yi cika baki su ne dai yau ma a zaune. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki, hularsa a hannu.

"Mushe, ɓeran nan nika so."

Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi dariyar ciwo. Mushe Yohanna ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko shi yadda aka kawo shi, wutsiya a naɗe, ya miƙa masa da hannu biyu.

Sai da aka kashe odinata aka sake kunna ta kafin ta yarda da ɓeran, ita kuwa in za ta tashi sai ta yi ta gurnani kamar tsohuwar da aka tasa daga barci. Elisha ya gwada da hagu, kibiyar ta yi ta kauce masa. Ya mayar da ɓeran hannun dama, ya cije leɓe ya ja. Zafin ya taso daga kafaɗa ya harbi bayan kunnensa, hawaye suka cika masa ido har ya daina ganin rubutun sosai. A waje mota ta tashi, Rabo ya danna hon. Wutar disket ta yi ƙyafta-ƙyafta, ta mutu, alamar an gama kwafewa. Ya fizge shi ya fita da gudun da rabonsa da yin irinsa tun kafin haɗarin, ya cim ma motar a bakin ƙofa, inda Takawa, Allah ya yi masa albarka, yake ta fama da sakata kamar yau ya fara ganin ta. Rabo ya karɓi disket ɗin ta taga yana mita, ya jefa a aljihun gaba, ya ja mota.

Elisha ya dawo yana jan ƙafa, hannun dama a rataye kamar ba nasa ba. Ya zube a kujera. Bai san tsawon lokacin da ya yi a haka ba, sai ya ga hannu ya shigo ta gurbin gilashi, ya ajiye abin a kan tebur a hankali. Ya ɗauka ya ji shi da ɗumi, ya jiƙe da gumi.

"Ya yi kuka," in ji Barmo daga waje. "Har nan nij jiya shi."

Elisha ya yi masa barka. Tsohon ya yi ta sa albarka, ya ce bai taɓa sanin haka aikin likita yake da wuya ba, shi da ya yi na yini ɗaya yatsansa har ya ƙage. Ya ce Elisha ya iya aiki, sai dai yana da faɗa, ya rage. Sannan ya ɗauki sandarsa ya tambayi inda zai sami ruwan alwala, don azahar ta wuce shi.

Mushe Yohanna ya leƙo da la'asar. Ya dubi teburin da aka ja zuwa taga, ya dubi ɓera da ƙwallo a gefen juna, ya dubi yadda Elisha ya tallafe gwiwar hannunsa. Ruth ta riga ta ba shi labari, da alama. Ya ce ɓeran ya zauna nan cikin aljihun tebur, ba a san rana ba.

"Odar wata mai zuwa kuma, Kawu, ba ni son wanga gudu. Ka ɗaure abinka."

Bai daɗe da fita ba Deborah ta shigo da naɗin bandeji da filasta, almakashinta na lilo a wuya. Wannan karon ma ba ta goranta masa ba, kuma Elisha ya so ta yi don ya sami na faɗa. Ta manna bakin bandejin a cikin abin da filasta, ta warware kamu biyu, ta kai ƙafar tebur, ta ɗaga almakashi. Elisha ya ce ta ƙara. Ta ƙara kamu ɗaya. Ya ce ta ƙara dai.

"Wanga ai ya yi yawa, sai ka riƙa harɗewa," ta ce.

Ya karɓi abin, ya zura shi ta gurbin gilashi, ya riƙa sakin bandejin har ya ji ya sauka a kan bencin waje.

"Yanke nan," ya ce.